Masu Jita da Masu Filashi a Fakon Nevada

A ƙarshen watan Agusta na kowace shekara, mutum wajen dubu 70 kan kwashi tantuna da ruwan sha da kekuna su nufi wani fako a hamadar Black Rock ta jihar Nevada a Amurka. Su kafa gari na mako guda, su ƙona wani ƙaton mutum-mutumi na katako ranar Asabar da dare, sannan su tsince ko da tsinken ashana su watse. Sunan taron Burning Man. Larry Harvey da abokinsa Jerry James ne suka fara shi a 1986 a bakin teku a San Francisco, aka mai da shi hamada a 1990. A takarda dai bikin fasaha ne: sassaƙa, gini, zane, wasan wuta. Masu shirya shi ba sa ɗauko mawaƙi su biya shi, kowa shi ke zuwa da abin da zai nishaɗantar da jama'a, don haka sai mutum ya zaci zai sha kiɗa iri-iri. Ina! Abin da ke tashi daga magariba har hantsi bugu ɗaya ne daga na'ura, dum-dum-dum-dum, sau 120 da ɗoriya a minti. Kiɗan rok, wanda ya tara mutum sama da dubu 400 a bikin Woodstock a 1969, a nan ɗan rakiya ne.

Wanda ya fi kowa ban tausayi shi ne Mai Jita. Ya haura sittin, gashin gaba ya yi ƙaura amma ya ƙi aske na ƙeya. Ya taho da abokansa uku da tirela shaƙe da ganguna da wayoyi da janareto. Kafin su gama haɗa kaya iska ta taso, ƙurar wannan fako kuwa ga laushi ga kanwa, tana cin ƙarfe, ba kafar da ba ta shiga. Zafin rana ya sa tsirkiyar jita ta saki. Mai ganga ya ɓace, an ce tun jiya aka gan shi a kan keke yana bin wata mota mai siffar kifi. Da aka lalubo shi suka yi waƙa takwas, maƙogwaron mawaƙin ya bushe, murya ta dushe. 'Yan kallo ba su cika tabarma biyu ba, wasunsu ma inuwa ce ta kawo su. Suna tsakiyar ta tara sai wata mota ta gifta da lasifika jere a bayanta, aka ga bakin mawaƙin yana motsi kawai. In ka zauna kusa da shi da yamma zai yi maka wa'azi cewa kiɗan gaske da yatsu ake yi har su yi kanta. Bai yi ƙarya ba. Sai dai gaskiyar tasa tana buƙatar mutum huɗu masu lafiya da tirela, shi kuwa wanda ya ƙwace masa kasuwa duk jarinsa yana aljihun wando.

Wannan shi ne DJ, Mai Filashi. Ya soka filashinsa a na'ura, ya ɗinke waƙa da waƙa yadda ba ka jin inda wata ta ƙare. In ya gaji wani ya karɓa ba tare da bugun ya tsaya ko na daƙiƙa ba. Duk wanda ya ga yadda DJ ya ture masu kalangu daga gidajen biki a Kano da Damagaram ya san wannan lissafi. Kuma kada a raina su duka: akwai gwani, wanda ke karanta ƙafafun mutane, ya san lokacin da zai ja su da lokacin da zai sassauta musu. Amma akwai kuma wanda ya haɗa komai tun daga gida, ya hau sama ya ɗora abin ji a kunne ɗaya, yana murɗa wani maɓalli da bai taɓa canja komai ba, yana ɗaga hannu sama yana cije leɓe, sai ka rantse dutse yake ɗagawa. Wani fitaccensu ɗan Kanada, deadmau5, ya tada ƙura a 2012 da ya fito ya ce su dai duk latsawa suke yi kiɗa ya tashi. Har yau ba su gama yafe masa ba. Matsalar sana'ar a wannan gari ita ce kowa DJ ne. Likitan haƙori DJ ne, lauya DJ ne, kuma dukkansu lokaci ɗaya suke rububi, wato fitowar rana, domin a nan ake yin suna.

Sai Mai Rawa, wadda in babu ita DJ zai koma ga haƙora. Wata uku ta yi tana ɗinkin kayanta: gashin tsuntsu, madubai, fitilu har a takalmi. A nan, a ganina, Mai Jita ya faɗi tun kafin ƙura ta taɓa shi. Kiɗan rok yana so ka juyo ka fuskanci dandamali, ka kalli mutum huɗu, ka haddace baitinsu, ka tafa musu. Wadda ta yi wata uku tana ɗinki ba ta zo kallon kowa ba. Kiɗan na'ura ba ya neman a saurare shi, ba shi da baitin da za a rasa, kana iya zuwa a tsakiya ka tafi a tsakiya. Abu ɗaya take jira: wurin da DJ zai janye bugun ƙasa, ya bar wani siririn sauti yana hawa yana hawa, jama'a su ɗaga hannu su riƙe numfashi, sannan ya sako bugun gaba ɗaya a yi ihu. An yi haka minti biyar da suka wuce, za a sake nan da minti biyar, amma kowane karo sai ta dafe ƙirji ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba.

A gefe akwai Malamin Kiɗa, ya harɗe hannu, shi ba ya rawa. Kuskurenka ka ce duk kiɗan iri ɗaya ne. Zai riƙe ka ya karanto maka silsila: kiɗan haus a Chicago aka haife shi, a gidan rawar Warehouse inda Frankie Knuckles ke kiɗa, tekno kuwa na Detroit ne, na Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, kuma dukkansu baƙaƙen fata ne, abin da yawancin masu tsalle a fakon ba su sani ba. Wannan karatu yana da amfani. Da ka gyaɗa kai sai ya ƙaro: a 1994 majalisar Birtaniya ta yi doka da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa taron dare na kiɗa mai maimaita bugu, a shekarar ce kuma masu kiɗan na'ura Orbital suka girgiza bikin Glastonbury, gidan 'yan rok tun 1970, shekara na zagayowa aka kafa wa masu rawa tanti nasu. Kana neman hanyar sulalewa zai tambaye ka wane reshen haus ne ke tashi yanzu. Duk amsar da ka bayar ba daidai ba ce.

Mai Sassaƙa shi ne mai bikin a takarda. Shekara guda ya yi yana walda, ya ci bashi, ya kafa abinsa can nesa a fili don mutum ya tsaya shiru ya yi tunani. Daren farko wata motar kiɗa ta zo ta yi fakin a gindinsa saboda hoto yana kyau a wurin. Rabonsa a makon nan awa guda ce, daren Lahadi, lokacin da ake ƙona ginin katakon da mutane ke rubuta sunayen mamatansu a jiki. Nan ne kawai ake kashe lasifika.

Mai Neman Barci ya yi nazarin taswira tun daga gida. Titunan garin sunan awoyin agogo gare su, an kuma ajiye manyan sansanonin kiɗa a bakin gari, wajen ƙarfe 2 da ƙarfe 10, lasifikansu na kallon hamada. Sai ya kafa tantinsa can tsakiya, ya toshe kunne da auduga. Ya manta cewa lasifikar garin nan tayoyi gare ta, bugun ƙasa kuma ba ta kunne yake shiga ba, ta haƙarƙari yake bi.

Attajirin Silicon Valley ba ya shan wannan wahala. Jirgi ne ya sauke shi a filin wucin gadi na garin, ya tarar da ɗaki mai sanyi da kuku. Tsohuwar alaƙa ce tsakanin Silicon Valley da bikin nan: zanen farko da Google ya taɓa yi wa tambarinsa, a 1998, sanarwa ce cewa masu kamfanin sun tafi wannan biki. Attajirin ne ke biyan kuɗin manyan lasifikan, shi ne kuma zai fi kowa yi maka bayanin yadda kuɗi ba su da amfani a nan. A 2023 aka yi ruwa, fakon ya zama taɓo, aka hana motoci motsi, har sai da fitaccen DJ Diplo da ɗan barkwanci Chris Rock suka taka mil da mil a ƙafa kafin wani mai a-kori-kura ya rage musu hanya. Mai Jita ba ya ba da labarin nan sai da murmushi.

Akwai kuma Baƙon Bana. Wani tsohon hannu zai jawo shi gefe ya raɗa masa, “Ɗan'uwa, kada ka faɗa wa kowa, Daft Punk za su yi wasa yau ƙarfe uku na dare a bakin shingen shara.” Shingen nan na roba ne, shi ya kewaye filin yana tare ledojin da iska ta kwaso, kuma tafiya ce mai nisa a kan keke cikin sanyi da duhu. Wannan zolaya ta daɗe ana yin ta. Daft Punk ɗin, Faransawa biyu masu hular mutum-mutumi, sun raba gari tun Fabrairun 2021, amma bai hana Baƙon Bana hawa keke ba. Zai isa ya tarar da shinge da wasu baƙi irinsa suna rawar ɗari. Ya dawo da asuba, ƙura har cikin hanci, aka tambaye shi yaya wasan, ya ce ai ba a ba wa yaro mai ƙiwa, kuma baɗi shi ne zai fara jawo wani gefe.