Kafintan Ranar Asabar

Duk gidan da ake ɗinki ba a rasa buhun guntayen yadi, namu kuwa har ya fara neman ɗaki nasa na kansa. Da uwargida ta ga abin zai fi ƙarfinta, sai ta shiga yanka guntayen nan ƙanana, kowanne mai kusurwa huɗu, tana harhaɗawa tana yin shimfiɗar gado mai ciko, irin wadda ake sa auduga tsakanin shafi biyu a bi ta da ɗinki. Ni da nake ɗan taɓa tarihi na ce mata ai wannan lifidi ne, wanda mayaƙan dā ke sa wa kansu da dawakansu, har yau ana ganinsa a hawan sallah. Ta ce madalla, amma damuwarta ba tarihi ba ce, wurin guga ne.

Shi wannan aikin, kowane layi ta ɗinka sai ta tashi daga kan keke ta kwantar da bakin ɗinkin da dutsen guga kafin ta haɗa na gaba. Bargon da take shimfiɗawa a ƙasa ya gama da bayanta. Teburin gugar kanti kuma siriri ne mai tsinin baki, don riga aka yi shi, ga rawar ƙafa. Tana son abu mai faɗi, a gefen keke. Ta kira kafintan layinmu, ya faɗi kuɗi, ni kuma ina daga zaure na ji. Katako ɗaya da ƙyalle? Nan take na ce a bar min.

Ta lissafa min abin da ake buƙata: katako mai kauri marar fenti, tsohon bargon auduga, da akoko wankakke. Na saurara da kunne ɗaya, domin mai basira ba ya tsayawa inda aka tsayar da shi. Maimakon in kwashi rana zuwa 'Yan Katako a Na'ibawa, na ɓalle ƙofar tsohuwar kwaba, mai fenti har tana sheƙi. Bargo kuwa na ga rowa ce. Matar da ta haifa min 'ya'ya ta cancanci laushi, sai na yanko soson tsohuwar katifa mai kaurin yatsu huɗu. Akoko ba shi da ado, don haka na ɗauko ragowar wata jar atamfa ta anko, irin mai arahar nan da ake sawa sau ɗaya a manta da ita. Ƙusoshi na samu 'yan inci biyu a gwangwani.

Ranar Asabar ta tafi Kantin Kwari sayen zare, na samu fili. Na ɗora kayan aikina a kan teburin falo, wanda aka kawo ta da shi cikin kayan ɗaki. Na kifa ƙofar kwabar a kan soso da atamfa, na fara bugawa daga kusurwa ɗaya ina zagayawa, ina ja ina kafewa. Ko da na zagayo inda na fara, duk rarar yadin ta taru min wuri guda kamar bakin buhun da aka ɗaure. Na cusa ta ciki na ƙara ƙusa. Babban yatsana ma ya samu rabonsa na guduma, yara na leƙe ta taga, na haɗiye abin da ya zo bakina na ce "Alhamdulillahi."

Da na zo ɗaga aikin in duba kyansa, sai teburin ya taso tare da shi. Ashe ƙofar kwabar ba ta kai inci ɗaya ba, soso kuma in ka danne shi ba ya tare komai. Na yi la'asar ina ɓamɓara da bayan guduma, na lanƙwashe tsinin ƙusoshin, na lulluɓe teburin da leda mai furanni, na gargaɗi yara.

Gwaji ya kama da dare, babu wuta, sai dutsen gawayi. Na lantarki yana da ɗigo-ɗigo a jikinsa: ɗaya na zafin digiri 110, biyu na 150, uku na wajen 200 wanda yadin auduga ke so. Na gawayi ba shi da wannan ladabin, da yawu a ɗan yatsa ake tambayarsa. Ta ɗora layin farko, fari da shuɗi, ta danna. Dutsen ya nutse, ɗinkin da ya fito miƙe daga keke ya lanƙwasa, kusurwoyin suka daina haɗuwa. Ta dube ni. Na ce sabo ne, zai zauna.

Ta yayyafa ruwa ta sake dannawa. Tururi ya tashi, atamfar ta tuna asalinta, fararen guntayen suka koma ruwan hoda. Sai kuma wari, wani irin wari mai kama maƙogwaro, soson ya yi rawaya ya fara danƙo, fentin da ke ƙarƙashi shi ma ya ba da gudummawa. A daidai lokacin surukata, wadda ta zo mana kwana, ta ɗaga labule.

"Me ke ƙonewa ne a gidan nan?"

Na durƙusa, kaina a ƙasa. "Hajiya, ina jin maƙwabta ne ke ƙona taya."

Ba ta ce komai ba. Ta ɗauki ƙyallen ta juya shi a hasken fitila. Shimfiɗar ta bikin autarta ce.

Washegari kafinta ya zo, ya daɗe yana kallon aikina. "Malam, ai guga ba kwanciya ba ce," in ji shi. "Ka taɓa ganin masu bugu a Ƙofar Mata sun sa wa shadda matashi? Kan gungumen itace suke ɗora ta." Ya kawo falanki mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, babu fenti, ya ninka bargon auduga biyu kawai, ya rufe da akokon da aka wanke ya gama tsukewa. Ya fara kafewa daga tsakiyar kowane gefe, in ya ja nan sai ya koma ya ja kishiyarsa, kusurwoyi ya bar su ƙarshe ya naɗe su tsaf. Ƙusoshinsa gajeru, kuma a ƙasa ya yi aikin. Ina tsaye ina gyaɗa kai, ina cewa ni ma haka na so yi, kayan aiki ne suka ci amanata.

Zai fita ke nan iska ta ɗaga ledar teburin falo. An biya shi kuɗin da ya faɗa tun farko, an ƙara masa na cike ramuka da shafa fenti, aka kuma aike ni Kwari na sayo farin yadi. Nawa katakon yana nan jingine a bayan gida, jajir, da laushinsa. Duk mai so ya zo ya ɗauka kyauta, amma ya riƙo filaya, don ƙusoshin suna nan.