Jirgin Kara da Kwamitin Masu Shawara

A ƙasashen Turai akwai dattawa masu furfura da jikoki waɗanda ba abin da ke faranta musu rai kamar haɗa ɗan mitsitsin jirgin ƙasa. Su shimfiɗa masa layin dogo a ɗaki, su gina tasha, su zauna suna kallonsa yana zagayawa. A birnin Hambug na Jamus har katafaren gida aka buɗe a 2001 don wannan harka, mutane na biyan kuɗi su shiga kallon jiragen da aka rage girmansu sau 87. Mawaƙin nan na Birtaniya, Rod Stewart, shekara 23 ya yi yana gina nasa, kuma danginsa ba su nemo masa mai ruƙiyya ba. In irin waɗannan mutane suka haɗu, hirar ke nan: wane manne ya fi kamawa, wane fenti ya fi kama da tsatsa. Mai ba da shawarar ma yana da nasa jirgin a gida.

Mu a Tabanni mun raba aikin da adalci. Yara ke ginawa, manya ke ba da shawara.

Layin dogo bai biyo ta nan ba, bai ma leƙo dajin Birnin Gwari ba, amma wannan bai hana mu samun ƙwararru ba. Bari dai kaka ta yi, a yanke dawa, kara ya yi arha. Yaro zai samu gindin bishiya da rezarsa, ya fere kara, ya soke totuwa da tsinke, ya yanka tsohon silifa ya yi tayoyi. Gwangwanin kifi uku su ne taragu, na madara shi ne kan jirgi. Kafin ya ɗaura tarago na biyu, majalisa ta taso ta same shi.

Mai buɗe taro tsohon direba ne da ya yi lodin gawayi zuwa Kaduna. Zai tsaya, hannu a baya, ya girgiza kai.

"Kai yaro, ina birkinsa?"

"Baba, ai da zare nake jan sa."

"To ka gani! Haka kuke kashe mutane."

Sai dattijon da ya taɓa shiga jirgin Zariya zuwa Ƙauran Namoda sau ɗaya, tun yana goye. Shi ne masanin tarihi. Zai faɗa maka jirgi ya iso Kano a 1911, kuma yadda yake faɗa sai ka rantse shi ya ɗaga masa tuta. Zai lissafo Funtuwa da Gusau, ya ce an gama wancan layi a 1929, sannan ya yanke hukunci: "Jirgin da ba ya hayaƙi ba jirgi ba ne, ɗan nan. Sa masa garwashi." A jirgin kara, jama'a!

Ana cikin haka matashi mai babbar waya zai kutso. Shi ya je Rigasa, ya ɗauki hoto a gaban jirgin Abuja da aka buɗe a 2016, ko da yake bai shiga ba. Zai durƙusa ya auna tsakanin sillen kara biyu da yaro ya shimfiɗa, ya ce wannan tsohon yayi ne. Layin Turawa faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, na zamani kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Dattijo ya ce na dā ya fi albarka. Matashi ya ce na yanzu ya fi gudu. Mai shayi ya bar tukunya a wuta ya zo raba gardama, ya ƙare da goyon bayan duk wanda ba ya bin sa bashi. Akwai kuma mai neman kansila, wanda zai dafa kan yaron ya yi alƙawarin in Allah ya ba shi, zai miƙa layin har Dogon Dawa.

Duk wannan sharar fage ce. Abin da ake jira shi ne a ji wani ya ce: "Kawo nan in nuna maka."

Nan asiri ke tonuwa. Magidanci mai mata biyu zai tattare babbar riga, ya tsuguna, ya karɓi zaren. Wai gwaji yake yi. Ya ja gaba, ya ja baya, ya sha kwana. Ka matso kusa za ka ji yana "cuku-cuku-cuku" ƙasa-ƙasa, fuska a murtuke don kada a raina shi. Na kusa da shi ya ce, "Alhaji, ba haka ake ja ba, ba ni." Mai jirgi yana gefe yana sosa ƙeya, ya zama fasinjan da ba shi da tikiti. Da taya ta fita, kowa ya miƙe ya kakkaɓe riga: "Ai dama na faɗa. Yaran yanzu ba sa jin magana."

Gaskiyar ita ce wasan muke so, girma ya hana, sai muka sa masa suna shawara. Shi ya sa ba a jirgin kara kaɗai muke yi ba. Fara ginin ɗaki ka ga magina da ba su taɓa kwaɓa ƙasa ba. Ce kanka na ciwo ka ji sunayen saiwoyi goma. Babur ɗinka ya mutu a bakin kasuwa, mutum bakwai za su ce fulogi ne, ba mai tura maka.

Tunda kowa ya ba da tasa, ga tawa. A kafa doka a kowace majalisa: duk mai son ba yaro shawara ya fara ajiye gwangwani ɗaya da tsohon silifa. Mai son jan zare kuma ya fito fili ya ce, "Ɗana, ara mini in ɗan yi wasa." Ko dai a samu shiru yaro ya gama aikinsa, ko kuma, yadda na san mutanenmu da son magana, taragu su yi yawan da sai an nemo jaki ya ja.