Masu Zagaye Tsohuwar Mota a Filin Gwanjo

A Amurka akwai wasu motoci masu ƙaton inji, ƙirar 1964 zuwa farkon shekarun 1970, da farashinsu ya zama abin tsoro. A 2014 an sayar da Plymouth Hemi Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi kan dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum. Inda kuɗi ya kai haka, jabu ba ya nisa. Ga mutanen da za ka tarar a wurin.

Na farko Mai Tocila. Ba ya gaisawa da kowa, ƙafafunsa kawai za ka hango a ƙarƙashin mota. Lambar da kamfani ya buga a jikin inji yake nema, ya ga ko ta dace da lambar motar. In lambobin sun cika kyau, sai ya taɓe baki ya ce ɗan damfara ya fi ma'aikacin kamfani iya rubutu.

Sai Mai Takarda. Ko injin ya yi rugugi har ƙasa ta girgiza, shi bai ga mota ba sai ya ga shaida: rahoton Marti in Ford ce, na PHS in Pontiac ce. Takardar haɗi da ma'aikata suka bari a ƙarƙashin kujera, wadda ɓera ya ci rabinta, ta fi masa sabon fenti daraja.

Akwai Mai Kwaskwarima. Chevelle gama-gari yake samowa, ya manna mata tambarin SS, ya zana mata layuka biyu, ta fito kamar amarya da kayan aro. Ya san lambar motar ta 1970 ba ta tona wannan asiri. Motoci 4,475 kacal aka ƙera da injin LS6 a wannan shekarar, amma masu barkwanci sun ce na kan titi yanzu sun fi haka. In an kama shi sai ya ce karramawa ya yi wa ta asali.

Ga kuma Mai Ƙura, wanda ya tono tasa daga sito ya hana a wanke. Ya ji an sayar da Mustang ɗin fim ɗin Bullitt dala miliyan 3.74 a 2020 da tsatsarta. Ya manta jarumin fim ɗin, Steve McQueen, bai taɓa zama a tasa ba, kaji ne.

Baba Da-na-sani ba ya saye, ba ya sayarwa. Ya taɓa mallakar irin wannan mota, ya rabu da ita da arha a wahalar man fetur ta 1973, kuma duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya sha labarin.

Na ƙarshe Mai Kuɗi. Ya biya, ya kulle motar a gareji, kada mil ɗaya ya ƙaru a agogonta. Inji mai ƙarfin doki 425, amma da hannu ake tura ta.

In kana da niyyar saye, ka tafi da Mai Tocila da Mai Takarda, ka biya su haƙƙinsu. Sauran kuwa, gaisuwa ta ishe su.