Takalmin Baba

Jiya da la'asar surukina ya bar takalminsa na dama a cikin daɓen ƙofar gidana.

Daɓen bara hunturu ne ya tsattsaga shi. Ruwa ya yi yawa a kwaɓin, siminti ya sha abin da yake buƙata, ragowar ya ƙafe, daɓe ya tsuke ya dare. Shi ya sa bana na sayo sinadarin rage ruwa, irin wanda Japanawa suka fito da shi a shekarun 1980. Aikinsa ya wargaza ƙwayoyin siminti kada su dunƙule, sai a rage ruwa kusan kashi 30 cikin ɗari, kwaɓi ya yi laushi, kankare kuma ya fi ƙarfi. Buhu mai kilo 50 ko rabin lita ya ishe shi. Ni kuwa na juye galan guda. Magini ya ce tun ina goye yake kwaɓi, ya kwarara ruwansa yadda ya saba. Ashe idan sinadarin ya wuce kima, hana siminti kamawa yake yi. Sama ta bushe ta yi fari tas, ƙasa kunu.

Baba ya sauko daga Keke Napep cikin farar shadda. Na durƙusa. Ya ɗaga ƙafar dama yana cewa "Salamu alai..." sai caɓal! Har idon sawu. Sallamar ba ta ƙarasa ba, ni ma ban san ko ana amsa rabin sallama ba. Ya ja ƙafa, ƙafa ta fito, takalmi ya zauna. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya dafa bango, siminti na ɗiga daga bakin wandonsa. Ni ina durƙushe, kaina a ƙasa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, an zo lafiya?"

An zo lafiya! Mutum na tsaye a ƙafa ɗaya.

Ya ce, "Lafiya lau, yaro. Aiki ake yi?"

Nan fa mai shayin bakin layi ya iso da gudu, ya leƙa ramin, ya girgiza kai. "Yallaɓai, sukari za ka barbaɗa. Ba ka ga alewa ba? Sukari ke ƙanƙarar da ita."

Sukari! A 2014, da kwaɓaɓɓen kankare ya malale cikin ɗakin na'urorin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan, sukari injiniyoyi suka sayo suka zuba don kada ya daskare kafin su kwashe. Na fara yi masa wannan bayani, ya katse ni.

"Wancan sukarin Turawa ne."

Kafin in nemo wa Baba silifas, mai shayin ya dawo da gwangwani cike, ya watsa a kan takalmin, ya ce in ba da ɗari biyar.