Laifin Hotunan Biki

A Diffa, da zarar kwamfuta ta fara nauyi, hukuncin farko shi ne a goge hotunan biki. Amarya ta tafi, 'yan rakiya su bi bayanta. Kwamfuta kuwa ko gezau.

Amarya ba ta da laifi. Duk wanda ya ga shanyar tattasai a bakin kogin Komadugu ya san rumbu daban, tabarmar shanya daban. Hotuna a rumbu suke kwance. RAM ita ce tabarmar, a kanta ake baza aikin da ke hannu. Maigida giga 4 gare shi. Ya buɗe Facebook, ya buɗe YouTube, ya ƙara da shafuka talatin, sannan ya rantse an yi wa na'urar baki.

Maganin dai a ƙaro RAM zuwa giga 8. Sai dai tana da zaɓen dangi: DDR4 ba ta shiga gurbin DDR3, ko an haɗa ta da Allah. Wata ma a liƙe take da dalma, sai haƙuri.

Kuma ana kashe na'ura RAM take manta komai. Masu cin bashi a kasuwar tattasai sun riga ta wannan fasaha. Su ko kashewa ba sa jira.