Ciwon Wat

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Wasu ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali, wasu kiwon tattabaru, wasu siyasa. Ni kuwa abin da aka jarrabce ni da shi shi ne lissafin wat ɗin amfilifaya, akwatin nan da ke tura sauti zuwa sifikun falo, wanda 'yan kasuwa ke haɗawa su kira hom-tiyata. Ba ni da kayan kiɗa na haya, ba na zuwa gidan biki da lasifika, kunnena na hagu ma tun wani zazzaɓi da na yi ba ya ji sosai. Amma ka tashe ni tsakar dare ka tambaye ni tsakanin Yamaha da Denon da Onkyo wacce ta fi ƙarfi a kuɗi ɗaya, zan ba ka amsa kafin in murtsuke ido.

Ta farko a kasuwar Sabon Gari na saye ta, don kawai na ga an rubuta wat 3,000 da jan fenti a jikin kwali, da haruffa huɗu ƙanana a gefe: PMPO. Da ɗan adaidaita ya sauke ni a Daurawa, sai da na juya kwalin yadda lambar za ta fuskanci 'yan majalisar bakin layinmu. Ba a yi nisa ba ta fara shaƙewa, na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Gyaɗi-Gyaɗi. Bai ko kunna ta ba. Juya ta ya yi, ya goge ƙura da babban yatsa, ya nuna mini ɗan rubutun da ke kusa da inda waya ke shiga.

"Alhaji, karanta nan. Wat 60 take ci daga bango. Abin da ya ci 60, a gidan wa zai samo 3,000 ya ba ka?"

Ya bayyana mini cewa PMPO lamba ce ta talla, babu wata ƙa'ida guda da ake auna ta da ita, kowa rubuta abin da ya ga dama yake yi. Wadda ake kamawa ita ce RMS, ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa a jere ba tare da ta gaji ba. Mai hankali da ya ji wannan sai ya gode, ya koma gida ya huta. Ni a nan ciwon ya samu gindin zama, domin na gano ashe akwai lambar gaskiya da za a bi.

Na shiga karance-karance. Na gano cewa rigimar ta tsufa: tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa tallata ƙarfin amfilifaya, saboda ƙaryar ta yi yawa. Na kuma gano cewa ko RMS ɗin ana yi mata kwalliya. Na'ura ɗaya za a auna ta da sifika mai om 6 maimakon 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta), lambar ta tashi. A auna ta a kan sauti guda tak, mai kaɗawa 1,000 a daƙiƙa, maimakon duk abin da kunne ke ji daga 20 zuwa 20,000, ta ƙara tashi. A bar murya ta gurɓace har kashi 10 cikin 100, ta sake tashi. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta auna layi ɗaya: akwati mai layi bakwai, kowane layi da sifikarsa, a kunna guda a auna, sannan a ninka sau bakwai a manna a kwali. Alhali dukkansu daga tiransifoma ɗaya suke sha, kamar gidan haya mai famfo guda, kowa ya buɗe nasa ruwan ya tsinke. Shi ya sa in na shiga shago ba na kallon fuskar na'ura. Bayanta nake dubawa, sannan in ɗaga ta in ji nauyi. Yaran shaguna sun gane ni. Da na tunkaro sai ka ji ɗaya ya ce, "Ga Baba mai awo nan, ku juyo masa da ita."

Ga inda abin kunyar yake. Na san sarai cewa bambancin wat 80 da wat 100 bai kai cikakken desibel ɗaya ba a ma'aunin ƙarar sauti, kunne da ƙyar yake kama shi. Na san in ka ninka ƙarfi biyu, desibel 3 kawai ka ƙara. Kafin mutum ya ji cewa ƙara ta ninka, sai an ninka wat ɗin kusan sau goma. Na kuma san sifikar falo ta yau da kullum, in ka ba ta wat ɗaya tal ka tsaya mita guda daga gabanta, tana ba da abin da ya kai desibel 85 zuwa 90, ƙarar da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Duk wannan na haddace, har ina koya wa mutane. Amma a kan wancan wat 20 ɗin da ba na ji, na sayar da lafiyayyar na'ura da asara, na cika kuɗi na ɗauko wata ta hannu.

Kuma a ina zan ƙure ta? Gidajenmu a Daurawa bango ɗaya muke da maƙwabta. Ranar da na gwada wufa, sifikar nan mai kaurin murya, da wani fim ɗin yaƙi, kwanukan samira da ke jere a kabad ɗin uwargida suka hau rawa, maƙwabcina ya turo yaro ya tambaya ko lafiya. Da muka haɗu a masallaci bai ce komai ba sai, "Malam, kowa da kiwon da ya karɓe shi." Bai ƙarasa karin maganar ba, amma na san wane ne ya sayi kura. Tun daga nan madannin murya bai sake wuce rubu'i ba. Ga wuta: in an kawo ta ba ƙarfi, na'urar sai ta yi ƙyas ta kashe kanta, in an ɗauke kuma ƙaramin injinmu fanka da ƙwai kawai yake iya ɗauka cikin mutunci.

Abin da ake ji a falon ma duk magana ce. Labaran BBC da safe, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da dare, tafsiri da azumi. Wata rana ina durƙushe a bayan talabijin da tocila a baki ina sauya wayoyi, uwargida ta tsaya a kaina.

"Baban Hafsa, wannan sabuwar me take faɗa wanda waccan ba ta faɗa ba?"

Na fara yi mata bayanin om. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗauki ƙaramar rediyonta mai batir ta shige kicin.

Yanzu haka akwai wata Marantz 'yar kwatano da na gani a Sabon Gari. Ta Amurka ce, wutar 120 take ci, tamu kuwa 230, don haka sai an haɗa mata da tiransifomar rage wuta. Nauyinta ya yi mini, na riga na ba da kafin alƙalami. Ina roƙon 'yan uwa da abokan arziki, duk wanda na zo wa da zancen rance a watan nan, ko da na ce kuɗin makarantar yara ne, ya fara kiran uwargida ya tabbatar.