Masu Zaɓa wa Barewa Harsashi

Da an gama ɗaurin gero, an kakkaɓe riɗi, hunturu ya sauko, sai tsohuwar gardama ta tashi a majalisun maharba daga Babura har duwatsun Roni da Gwiwa: wane harsashi ne ya dace da barewa? Ƙasar dai ta maharba ce tun fil'azal, don tarihin baka ma cewa yake wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya fara zama a inda Kazaure take a yau. Sai dai gonaki sun cinye daji, barewa ta yi ƙaura. Mai son ganinta yanzu sai ya tsallaka Nijar ya nufi gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, can ma kallo ne, ba harbi ba. Wannan bai rage wa gardamar zafi ba. Ƙara mata armashi ma ya yi, tunda babu barewar da za ta ƙaryata kowa.

Shugaban majalisar shi ne Mai Ɗurin Haɗama. Bindigarsa baushe ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a cusa tsumma, a zuba dalma, a daddanna da sanda. Da yatsu ake auna ɗuri. Inda kowa ya tsaya a uku, shi daga biyar yake farawa, wai barewa taurin rai gare ta. In ya ɗaga bindiga, abokan tafiya ba abin da ya saita suke kallo ba, maɓoya suke nema. Ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye su watse har Baure. Ƙura na lafawa sai a tarar da shi zaune dirshan, kunne a toshe, yana kwarara tambaya:

"Ta faɗi?"

"Kawu, ai kai ne ka faɗi."

Duk mai ɗorin da ke garin ya san kafaɗarsa ta dama. Maƙerin da ya haɗa masa bindigar ya sha gaya masa cewa bututun ƙarfe yana da iyaka, bai ji ba. Yanzu yatsun awon saura huɗu, amma har gobe biyar yake cewa.

Kusa da shi Mai Tattali ne, mai bindigar bature mai baki ɗaya, takardar izininta a linke cikin aljihu. Ilimi kam yana da shi. Zai bayyana maka cewa harsashin kwanso ƙwayoyin dalma ne a ciki, kuma duk yadda lamba ta hau, ƙwayoyin ƙanƙancewa suke yi: lamba 6 ta fakara da hasbiya ce, BB da AA na masu ƙafa huɗu. Ka harbi barewa da lamba 6 daga nesa, ka raunata ta a banza. Ka harbi fakara da AA daga kusa, ka kwashi gashi. Duk gaskiya ne. Abin da ba ya yi shi ne harbin. Harsasansa uku ne, naɗe cikin leda a gwangwanin madara. Zomo ya gilma, ya yi lissafi, ya ce naman bai kai kuɗin harsashi ba. Zabuwar daji ta sauka, ya ce a bari 'yan'uwanta su taru a yi musu harbi ɗaya. Kafin su taru sun wuce taku hamsin, inda dalma ke bajewa ta rasa ƙarfi. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, laima ta shige kwanso. Ranar da Allah Ya haɗa shi da gada ya ja kunama, sai aka ji "ƙyas". Gada ta ɗago ta dube shi, ta ƙarasa tauna, sannan ta tafi.

Mai Tarkace ba ya sayen komai. Guntun ƙusa, boris ɗin keke, fasasshiyar tukunyar ƙarfe, duk harsashi ne. Yakan samo nama, ba a musu, amma gidansa a hankali ake tauna.

Sabon shiga a majalisar Ɗan Waya ne. Bai taɓa kwana a daji ba, amma ya kwana a YouTube tare da maharban Amurka. Da an ambaci barewa sai ya gyara zama ya ce, "Baba, ai duniya ta wuce nan." Daga nan ya shiga zubo lambobi: .30-06 da sojan Amurka ya fara aiki da shi a 1906, .270 Winchester na 1925, .308 na 1952, sai abin ƙaunarsa 6.5 Creedmoor na 2007, wanda ya ce ba ya dukan kafaɗa. A nan Mai Ɗurin Haɗama yakan yi tsaki, don a wurinsa bindigar da ba ta duka ba bindiga ba ce. Yaron bai yi ƙarya ba: waɗancan harsasai ƙwaya ɗaya ce mai juyawa, tana cim ma dabba a mita 200 har fiye. Abin da ba a faɗa masa a bidiyo ba shi ne, dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindiga mai awon 7.62 cikin jerin na soja, riƙe ta sai da izinin shugaban ƙasa, kuma .308 ɗin da yake yabo awonsa ke nan. Makaminsa na zahiri danƙo ne, shi ma na ƙanensa.

Mai Asiri dariya yake yi musu duka. Harsashi, in ji shi, rakiya kawai yake yi, laya ce ke kisa. Yana tafe da kambu da guru da kan burtu da ya gada, ana jin ƙamshin turarensa kafin a gan shi, dabbobi ma haka. In ya samu, aikin asiri ne. In ya kuskure, to wannan ba barewa ba ce, mutanen ɓoye ne suka rikiɗa, kuma da gangan ya kauce, a gode masa da ya tsare gari daga bala'i. Ban san wani maharbi da lissafinsa ba ya faɗuwa kamar wannan ba.

Mai Kare kuwa gora ce a kafaɗarsa, yana cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, alhali kare ne ya yi gudun.

Sai wanda ba ya sa baki a gardamar sam, amma bai taɓa komawa gida hannu rabbana ba. Da asuba yake fita da bindiga a wanke, da magariba ya dawo da ita a wanke, ga zabi biyu a rataye. Hanyar dajinsa ta bakin kasuwa take bi. Maƙwabta na yi masa barka, yana amsawa da kai irin na wanda ya sha wuya. Uwargida ce ke figa, ita ce kuma ta taɓa leƙowa daga madafa ta ce, "Malam, in ka koma dajin ka ce su riƙa kwance musu igiyar ƙafa, wuƙata tana dakushewa."